Lissafin Kalori A Kan Injin Eliftikal Da Yadda Sabon Shiga Zai Gina Juriya

 

Batun da aka ɗora mini shi ne injin motsa jikin nan da ake kira eliftikal, wanda yanzu ake samu a gidajen motsa jiki da otal-otal na nan Ibadan, har wasu daga cikinmu sun sayi na tokumbo sun ajiye a gida. Tambayoyi biyu ne aka fi yawan yi a kansa. Ta farko, wannan lamba da injin yake nunawa, wai mutum ya ƙona kalori kaza, gaskiya ce kuwa? Ta biyu, mutumin da ya shekara ashirin bai yi gudu ba, yaya zai fara ba tare da ya ji wa kansa ciwo ba?

Kada wani ya ce wannan magana ta 'yan boko ce ko ta masu hali. Ku dubi yadda muke wuni. Mai goro yana zaune, mai canji yana zaune, dillali a Bodija ko Akinyele yana zaune bisa benci tun safe har la'asar. Daga Sabo zuwa Mokola ma sai an tsayar da okada. Kakanninmu fatake da ƙafa suka riƙa ratso daji da kaya, mu kuwa mun gaji cin abincinsu ba mu gaji tafiyarsu ba. Irin wannan zama yana cikin abin da ke jawo teɓa da hawan jini da ciwon suga, kuma kusan kowa a nan ya san gidan da ɗaya daga cikinsu ya shiga.

MENENE WANNAN INJI

Ga wanda bai taɓa gani ba, inji ne mai feda biyu manya da mutum yake tsayawa a kai, da sanduna biyu da yake turawa yana ja da hannu. Ƙafa tana zagayawa cikin siffar ƙwai, wato da'ira mai ɗan tsawo, kuma daga wannan siffa sunan ya samo asali. Kamfanin Precor na ƙasar Amurka ne ya fara fito da shi kasuwa a shekarar 1995. Amfaninsa babba shi ne ƙafa ba ta barin feda, saboda haka babu dukan ƙasa irin na mai gudu a kan kwalta. Mai nauyin jiki da mai ɗan ciwon gwiwa sukan fi jin daɗinsa. Sa'an nan hannu da ƙafa suna aiki tare.

MENENE KALORI

Kalori ma'auni ne na ƙarfin da ke cikin abinci, kamar yadda lita take ma'aunin fetur. Kalori ɗaya irin wanda ake rubutawa a jikin gwangwani da kwalba shi ne zafin da zai ƙara wa lita ɗaya ta ruwa digiri ɗaya. Baligi yana buƙatar kimanin 2,000 zuwa 2,500 a yini, gwargwadon girmansa da aikinsa. Mafi yawan wannan kuwa jiki yana ƙona shi ne ko mutum yana kwance, domin zuciya ba ta hutu, huhu ba ya hutu, ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda duk suna cin nasu rabo. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

ME YA SA LAMBAR INJI TAKE KUSKURE

To, jama'a, injin nan ba ya ganin cikin jikinka. Abin da ya sani shi ne saurin juyawar feda da taurin da aka sa mata. Sauran duk kintace ne da lissafin da kamfani ya zuba masa. Ga wuraren da kuskure yake shigowa.

Na ɗaya, nauyi. In ka hau ka danna maɓallin farawa kai tsaye, injin zai yi lissafi da wani nauyi da aka riga aka sa masa tun daga masana'anta. Yarinya mai kilo 55 da Alhaji mai kilo 100 sai ya ba su lamba ɗaya, alhali abin da jikinsu ya ƙona ya sha bamban ƙwarai. Akwai kuma tarko ga masu injin tokumbo daga Amurka: da yawansu da laba suke karɓar nauyi, ba da kilo ba. Kilo ɗaya laba 2.2 ne. Mai kilo 90 sai ya rubuta 198. In ya rubuta 90, injin zai ɗauka yaro ne mai kilo 41 ya hau.

Na biyu, jingina. Wanda ya gaji ya kife bisa mariƙin gaba ya ɗora wa ƙarfe wani kaso na nauyinsa. Feda tana juyawa kamar da, lamba tana hawa kamar da, amma aikin da jiki yake yi ya ragu. Haka nan wanda ya sassauta feda gaba ɗaya ya bar ta tana wulwulawa da kanta, injin ne yake ɗauke da shi.

Na uku, lambar da inji yake nunawa yawanci ta haɗa da abin da jikinka zai ƙona ko da kana zaune a shago. Ba duka ne ribar hawa inji ba.

Na huɗu, tsufan inji. Bel ya saki, maganaɗisu ya goce, taurin da allo yake cewa lamba 8 ya koma kamar na lamba 4. Inji biyu na kamfani daban, aiki iri ɗaya, kowanne da lambarsa.

Wani zai ce to ai ni ina da agogon hannu mai ƙirga bugun zuciya. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun gwada irin waɗannan agoguna guda 7 a jikin mutum 60. Wajen ƙirga bugun zuciya, shida daga cikinsu sun yi kyau, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Amma wajen kalori, wanda ya fi kowanne daidaito ya kauce da kimanin kashi 27 cikin ɗari, na ƙarshe kuwa da kashi 93. Saboda haka ka amince da agogonka a kan bugun zuciya, amma in ya zo maganar kalori ka saurare shi kamar yadda kake sauraron farashin farko a bakin dillali.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA YI DA KANSA

Masana suna da wani ma'auni da suke kira MET. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Zama shiru MET ɗaya ne, kuma a wannan hali jiki yana ƙona kimanin kalori ɗaya a kowane kilo na nauyinsa cikin awa ɗaya. Aikin da ya ninka wahalar zama sau biyar, MET 5 ke nan. Akwai kundin da masana suka fara fitarwa a 1993 mai jera ayyukan ɗan Adam da MET ɗin kowanne. A bugunsa na 2011 an ba hawa eliftikal da matsakaicin ƙoƙari MET 5, tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 5 a awa kuma MET 3.5.

Ga lissafin: MET sau nauyinka a kilo, sau awannin da ka yi.

Alal misali, mai kilo 70 ya yi rabin awa. 5 sau 70 ya ba da 350 a awa ɗaya, rabinsa 175. Mai kilo 90 a rabin awa, 225. Mai kilo 60, 150. In mutum ya matsa sosai har yana haki, lambar za ta haura haka, amma sabon shiga ba zai iya riƙe wannan matsi na rabin awa ba, kuma bai kamata ya gwada ba.

Yanzu sai mu cire abin da jiki zai ƙona ko ba a hau inji ba. Mai kilo 70, zaman rabin awa yana cin masa 35. Ribarsa ta zahiri 140 ke nan. Mai kilo 90, a cire 45, saura 180. Wannan ma kintace ne, amma kintace ne da ka san inda ya fito. In ka yi rabin awa a natse, kana da kilo 70, allo ya nuna maka 400, to ka san an yi maka zaƙin baki.

ABIN DA YA SA WANNAN LISSAFI YAKE DA MUHIMMANCI

Haɗarin lambar da aka kumbura shi ne mutum ya sauko daga inji yana ganin ya ci riba mai yawa, sai ya wuce wurin mai shayi ya saka wa kansa. Mu auna. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 50 tana da kalori kusan 200, ku duba jikin kwalbar za ku gani. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan 120 ne. Ƙaramin cokalin sukari 16. Shayi mai kauri da madara da sukari cokali huɗu, da burodi da wainar ƙwai da aka soya cikin mai, ya shanye rabin awar nan har ya bi ka bashi. Abin da aka ƙona cikin minti talatin ana iya mayar da shi cikin minti uku.

Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Mai kilo 90 da yake cin ribar 180 sau biyar a mako ya tara 900. A lissafin takarda zai yi fiye da mako takwas kafin kilo ɗaya ya tafi, in bai ƙara cin abinci ba. A zahiri ma abin yakan fi haka jinkiri, domin jiki yana da dabarun tsimi, kuma duk lokacin da nauyi ya ragu abin da ake ƙonawa ma yana raguwa. Mai son rage teɓa tilas ya haɗa da gyaran kwano: a rage lemon kwalba, a rage sukari, a rage soye-soye da malmalar dare.

Kada wannan ya karya wa kowa gwiwa. Amfanin motsa jiki yana zuwa tun kafin sikeli ya motsa. Ga mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai yana iya sauke lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8. Yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana gyara barci, yana sa mutum ya hau bene ba tare da ya tsaya a tsakiya yana dafe bango ba. Wannan shi ne juriya, kuma ita ya kamata sabon shiga ya sa a gaba.

YADDA JURIYA TAKE GINUWA

In mutum ya dage na 'yan makonni, ruwan jininsa yana ƙaruwa, zuciya tana koyon tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini suna yawaita a cikin tsoka, tsokar kuma tana ƙara iya amfani da iskar da aka shaƙa. Shi ya sa aikin da ya sa ka haki a makon farko zai zama wasa a mako na shida. Sai dai akwai abin lura: zuciya da huhu sun fi gaɓoɓi da jijiyoyi saurin sabawa. Numfashinka zai ce maka ƙara, alhali gwiwa da agara ba su shirya ba. A nan ne masu gaggawa suke samun rauni, su ajiye inji ya zama wurin rataye riga.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako. Wannan shi ne inda za mu, ba inda za a fara ba. Ga tsarin da nake ba sabon shiga shawara ya bi.

Mako na 1 da na 2: minti 10, kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani. In minti 10 ya yi yawa, a raba shi biyar-biyar.

Mako na 3 da na 4: minti 15 zuwa 20, kwana uku.

Mako na 5 da na 6: minti 20 zuwa 25, kwana huɗu.

Mako na 7 da na 8: minti 25 zuwa 30, kwana biyar. Minti 30 sau biyar, ga 150 ta cika.

Kowace rana a fara da minti uku zuwa biyar a hankali don jiki ya ɗumama, a kuma ƙare da irinsa. Kada a diro daga inji ana tsakiyar haki, jiri yana iya ɗibar mutum. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: lokaci tukuna, sa'an nan yawan kwanaki, daga baya taurin feda. In mako ya yi maka nauyi, maimaita shi, babu mai ba ka maki. Bayan wata biyu, mai son ƙari sai ya riƙa sa minti ɗaya na sauri, minti biyu na sassauci, sau huɗu ko biyar, kwana ɗaya ko biyu a mako. Sannu ba ta hana zuwa.

YAYA ZA KA SAN KANA KAN DAIDAI

Ma'aunin da ya fi sauƙi yana bakinka. In kana iya magana da na kusa da kai amma ba za ka iya rera waƙa ba, kana kan matsakaici, nan ake so. In kalma biyu ko uku kawai kake iya furtawa sai ka ja numfashi, ka yi sama da yawa, sassauta. In kuwa kana amsa waya kana ciniki har da dariya, ƙara tauri kaɗan.

Mai son lamba sai ya cire shekarunsa daga 220, abin da ya rage shi ne kintacen iyakar bugun zuciyarsa a minti. Matsakaicin aiki yana tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari na wannan. Ɗan shekara 40, iyakarsa 180, sai ya tsaya tsakanin 90 da 126. Ɗan shekara 50, tsakanin 85 da 119. Amma masu shan wasu magungunan hawan jini irin su atenolol, maganin yana rage bugun zuciya, wannan lissafi ba zai yi musu aiki ba. Su yi amfani da gwajin magana.

Don ganin ci gaba, ka sami ƙaramin littafi irin na rubuta bashi. Rubuta rana, minti nawa, tauri lamba nawa, da yadda ka ji. Sau ɗaya a mako, da asuba kafin ka tashi daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugu na minti ɗaya. Na baligi yakan kasance tsakanin 60 da 100. In bayan wata biyu ka ga ya sauko, kuma taurin da ya gagare ka da farko ya zama na ɗumama jiki, to juriya ta samu, ko allo ya ce me. Lambar kalori ta inji tana da amfani guda: in inji ɗaya kake hawa kullum da nauyi ɗaya a rubuce, za ka iya gwada ta yau da ta makon jiya.

TSAYUWA DA SUTURA DA RUWA

A tsaya a miƙe, ido na kallon gaba, tafin ƙafa duka a kan feda. Masu taka feda da kan yatsu su ne suke kukan ƙafa ta yi musu sanyi ko tana tsira-tsira. A sa takalmin kambas, ban da silifas. Babbar riga da zani mai jan ƙasa da dogon mayafi suna iya shiga cikin ƙarfe. Iyayenmu mata su sa wando mai yalwa da riga mai kauri daidai gwiwa da ɗan hijabi gajere, sutura ta samu, haɗari ya kau. Masu yara a gida su kula, ƙananan yatsu da feda mai juyawa ba sa haɗuwa.

Sai maganar gumi. A Arewa iska busasshiya ce, gumi yana fita yana bushewa. A nan Kudu iska tana da laima, gumi yana zuba ne kawai bai bushe ba, jiki kuma bai huce sosai ba. Saboda haka yawan gumi a Ibadan ba shaidar yawan kalori ba ne, ruwa ne da gishiri. Masu ɗaura leda a ciki ko sa rigar sanyi don su yi gumi, su bari. Kilon da ya tafi ta wannan hanya yana dawowa da zarar an sha ruwa, wahalar da aka ba zuciya da ƙoda kuwa ta gaske ce. A buɗe taga, a kunna fanka in akwai wuta, a zaɓi safiya ko bayan la'asar, a ajiye ruwa kusa ana kurɓa.

WAƊANDA ZA SU GA LIKITA TUKUNA

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai asma, mace mai ciki, da duk wanda ya manyanta kuma ya daɗe bai motsa ba, su je a auna su kafin su fara. Mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari kada ya hau da yunwa, ya kuma ajiye dabino ko alewa kusa. Ko waye kai, in ka ji ƙirji ya ɗaure ko yana zafi, ko ciwo yana tafiya zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, ka tsaya nan take a kai ka asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumtaka ba ne. Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya ko biyu bayan farawa kuwa ba komai, yana wucewa da kansa. Ciwo mai suka a cikin gwiwa ko kumburi, shi ne a dakata a nemi shawara.

WANDA BA SHI DA INJI FA

Kada ya ce an bar shi a baya. Mai kilo 70 da ya yi tafiyar ƙafa ta minti 45 da ɗan sauri ya ƙona kusan abin da mai inji ya ƙona a rabin awa, ku buga lissafin da kanku: 3.5 sau 70 sau kashi uku cikin huɗu na awa, kimanin 184. Ga filin wasa na Adamasingba nan kusa da mu, ga tudun Mokola, garin nan ba ya rasa hawa da gangara. Tsarin makonni takwas ɗin nan da gwajin magana duk suna aiki a kan titi kamar yadda suke aiki a kan inji. Ina kuma roƙon shugabanni su duba yiwuwar haɗa matasa da dattawa rukuni-rukuni, mata ma da nasu, domin wanda ake jira a ƙofar gida da safe ba ya saurin fashi.

A taƙaice, jama'a, ku rubuta wa inji nauyinku na gaskiya, ku tsaya a miƙe, ku gwada lambarsa da lissafin MET, kada ku mayar da ita a kwano. Ku fara da minti goma, ku ƙara a hankali, ku bar numfashinku da littafinku su gaya muku inda kuka kai. Wanda ya fara a wannan mako, in ya riƙe, kafin wata biyu zai ji bambanci a matakalar bene.

 Mai tambaya yana iya ɗaga hannu. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.